Cocin Laka da Kakana Ya Gina

Ku samarin da ke buga bulo a bakin hanyar kasuwar Goronyo, da ku nake. Ran kasuwar da ta wuce na tsaya wurinku, na ce ina neman mutum ɗaya da zai hau mini rufin wani ginin laka a birni kafin ruwa ya sauka. Kuka yi dariya. Ɗaya daga cikinku ya ce, "Baba, laka kuma? Wanga ai aikin zanzaro na." Ban yi fushi ba, don ni ma na taɓa faɗin abin da ya fi wannan. Amma ban iya ba ku amsa a tsaye cikin ƙarar inji ba, shi ya sa na zauna na rubuta. Karatuna na yaƙi da jahilci ne, ku yi haƙuri da shi.

Sunana Umaru. A Wurno aka haife ni, kuma ina gini tun gemu bai fito mini ba. Ginin da nake nema wa mai hawa coci ne. Kakana ya gina shi, kawuna ya riƙe shi, ni kuma na kashe ɗaki biyu cikin ukunsa da hannuna. Saura ɗaya. In ba a hau an duba rufinsa bana ba, ba na jin zai kai kaka.

Taka laka shi ne aikin farko da Kawu Garba, ƙanin mahaifiyata, ya ba ni. Katangar wani gida ce a Lahodu. Aka haƙo jar ƙasa aka tara, aka buɗe tsakiyarta aka zuba ruwa, aka watsa busasshiyar ciyawa da kashin jaki. Na shiga na yi ta takawa har cinyoyina suka mutu. Da na ga ta yi laushi na ce ta yi. Kawu ya ɗebo kaɗan ya kai hanci, ya yar.

"Ɗanya ta," ya ce. "Bar ta ta kwana."

"Kawu, ai ta yi laushi."

"Tuwo ma na da laushi. Ka taɓa ganin ɗakin tuwo?"

Laka sai ta ruɓa. A bar ta ta kwana, a ƙara mata ruwa, a sake takawa, har ciyawar ta saki danƙonta, warinta ya sauya. Ba mai gaya maka ranar da ta nuna, hancinka ne zai koya. Daga nan ake murza tubali, mai faɗin gindi da tsinin kai, a shanya a rana. Magini ya hau bango ya zauna kamar mai hawan jaki, na ƙasa ya jefa masa tubali, ya cafe, ya dasa, ya bi da laka. Kawu ba ya duban mai jifa. In ka jefa a karkace sai ya bar tubalin ya dawo ya fashe a gabanka, bai ce maka uffan ba. Na gwammace bulala da wannan shirun.

Kayan aikinmu ba su cika buhu ba: diga, fartanya, kwando, igiya, da gizago na sassaƙar azara. Sauran duk a jiki suke. Tafin hannu ke yaɓe, ido ke gane bango ya miƙe ko ya fara kwanciya. Masu gida kuwa iri-iri ne. Akwai mai tsayawa a kanka yana cewa ka rage kaurin bango don ɗaki ya ƙara fili. Akwai uwargidan da za ta aiko daga bayan zana a bar mata ɗan rami a bango inda za ta riƙa ajiye fitila. Wani Bafulatani da ya zauna kusa da Rabah ya sa muka gina masa rumbu, sannan ya ce a ɗaga shi ya gani ko zai tafi da shi in ya tashi. Kawu ya ce masa ya samo raƙumin da zai ɗauka, shi zai ɗora masa.

Rufi shi ne inda ake gane magini. Da azara ake yinsa, wato itacen giginya da aka tsaga. Namijin giginya ake nema, shi ne mai taurin da gara ba ta so. Amma azara tana da iyaka. In ta yi tsawo da yawa, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Saboda haka in ana son ɗaki mai faɗi, sai a dasa azara a jikin bango ta nan da ta can, a jingine, a ɗaura wata a kanta da igiya ta ɗan zarce ta, a ƙara wata, har na dama da na hagu su haɗu a sama, a lulluɓe su da laka. Wannan shi ne bakan gizo. Na gina ƙanana da yawa a zauruka. Babba irin na kakana ban taɓa ɗaurawa ba. Kawu yana cewa zai nuna mini in aikinsa ya samu, aikin kuwa bai samu ba har ya rasu.

Shekarar da na fara zama a kan bango, Kawu ya ce in shirya, da bazara za mu birni. Muka bi motar albasa. A unguwar baƙi muka sauka, gaban wani dogon gini ja, rufinsa ya yi tozo uku kamar raƙuma sun durƙusa a jere. A saman ƙofarsa na ga gicciye na laka. Na ja da baya.

"Kawu, wanga ai coci na."

"Awo. Ashe ido gare ka."

"Mu za mu yi musu aiki?"

"Ubana yag gina shi. Kakanka. In ba mu duba shi ba, wa zai duba?"

Sai ga wani saurayi da ya ɗan girme ni ya fito da tabarma a hammata da buta a hannu. Bitrus ke nan, mutumin ƙasar Zuru, wanda ya gaji kula da cocin daga mahaifinsa. Ya shimfiɗa tabarmar a gindin darbejiyar da ke harabar, ya juya ta gabas ba tare da ya tambayi kowa ba, ya ajiye butar. Sannan ya dube ni.

"Baba Magini, bana sabon jaki kaz zo da shi?"

"Sabo na," in ji Kawu. "Bai iya komi ba sai ci. Ku ƙara kunu."

A kan wannan tabarmar Kawu ya ba ni tarihin ginin. Zamanin Turawa, mutane suka zo birni daga nesa, masu dafa abinci da sojoji da masinjoji. Kiristocin cikinsu suna sujada a rumfar zana, kowace damina iska ta kwashe ta. Suka nemi magini. Kakana yana cin rani a birni a lokacin, shi ya karɓi aikin. Suka ce suna son dogon ɗaki, kowa ya fuskanci wuri ɗaya, ba ginshiƙin da zai tare wa wani gani. Kaka bai taɓa ganin coci ba. Zaure ya sani, da masallaci. Sai ya jera zaure uku, kowanne da kumburarren rufinsa, a inda bango ya kamata ya raba su kuma ya ɗaura babban bakan gizo. In ka shiga ta ƙofa kana hangen ƙarshen ginin, inda teburinsu yake, ta ƙarƙashin baka biyu.

Bangon a ƙasa ya fi tsawon hannuna kauri, yana sirancewa yana hawa. Tagogin ƙanana ne, can sama, don rana ta shigo ba zafinta. Da tsakar bazara in ka shiga sai ka ji kamar ka sa kai cikin randa. Kuma rufin yana riƙe murya. Bitrus ya ce in mata goma suka yi waƙa a ciki, na waje zai rantse cike yake. Ba su da hasumiya. Ƙarfen ƙafar babbar mota suka rataye a darbejiya, shi suke bugawa ran Lahadi.

Gicciyen kuwa, Kaka bai yi shi ba. Ya gama fuskar ginin, ya bar fili a saman ƙofa, ya kwaɓa laka mai kyau ya miƙa wa mahaifin Bitrus, ya ce wannan wurin naku ne. Haka abin ya zauna. Kowace shekara mu yaɓe bango har mu zo daidai nan mu tsaya, Bitrus ya hau benci ya shafe gicciyen da hannunsa. Ba wanda ya taɓa zama ya tsara haka da baki.

Yaɓen shekara ba daga laka yake farawa ba. Kawu yakan zagaye ginin tukuna yana ƙwanƙwasa bango da bayan yatsu, kunnensa a manne. Lafiyayyen bango amonsa a cike yake. Inda ruwa ya shiga ko gara ta yi gida, sai ka ji kamar ka bugi ƙwarya. Sannan ya cire takalmi ya hau rufi, ya bi ko'ina da tafin ƙafa yana neman inda ya yi taushi. Ya sa hannu cikin kowane indararo, inda ruwan rufi ke bi ya zuba, ya ciro sheƙar tsuntsu da ciyawar da ta tsiro. Indararo ɗaya in ya toshe, ruwa ya kwana a rufi, shi ke nan an fara rushe ɗaki. Bayan haka matan cocin su kawo ruwa da makuba, wato ɓawon ɗorawa da suka jiƙa har ruwansa ya yi ja. Da shi ake kwaɓa lakar yaɓen ƙarshe, ruwan sama ya riƙa zamewa a kanta. Cikin matan akwai Saratu, wadda Bitrus ya aura daga baya. Kununta na tsamiya shi muke jira.

Shekara da shekaru muna haka. Kawu ya rasu, aikin ya dawo hannuna, na ci gaba da zuwa da yarana.

A aikin madatsar ruwan Goronyo na fara riƙe cokalin gini. Na je neman aiki kamar kowa, aka ga ina da ido, aka sa ni cikin masu jera bulo. Na ga siminti. Ka kwaɓa da safe, kafin gobe ya zama dutse. Ba jiran ruɓa, ba kashin jaki, ba sunsunawa. Na dawo gida ina jin duk abin da Kawu ya koya mini wahalar banza ce ta mutanen da ba su samu abin da ya fi ba. Na faɗi haka a bainar jama'a, ba sau ɗaya ba.

A wata bazara na je cocin, na tarar dattawansa suna jirana. Matasansu sun gaji da ɗebo ruwa kowace shekara, kuma suna jin kunyar ginin laka a tsakiyar gidajen siminti. Wasu sun ce a shafe shi da siminti a huta. Bitrus bai yarda ba, bai kuma ƙi ba. Ya ce a jira mai ginin. A gaban kowa ya tambaye ni.

"Umaru, kai ka gaji ginin ga. Abin da kac ce shi za a yi. Siminti na zama bisa laka?"

Ban yi shawara da kowa ba, ban ko zagaye ginin ba. Na ce, "Zama ɗaya. Ku da yaɓe har abada."

Na kafa ƙusoshi a bangon kakana, na ja wayar kaji a kansu, na shafe waje duka da siminti, har rufin. Na zuba daɓen siminti a ciki. Da muka zo saman ƙofa na miƙa wa Bitrus kwanon kwaɓi kamar yadda aka saba. Ya sa hannu tsirara yadda yake yi da laka. Kafin ya gama gicciyen siminti ya cinye masa fatar yatsu. Muka yi ta dariya, har shi. Aka shafa farin fenti. Ginin ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Mutane suna tsayawa a hanya su kalla. Dalilinsa na samu aiki har ya fi ƙarfina, daga Wurno zuwa Rabah da Rara, kowa yana son a yi wa zaurensa irin na cocin birni.

Ranar da muka gama, Bitrus yana naɗe tabarma ya ce, "To, baɗi ba ka zuwa ke nan?"

"In zo in yi mi?"

Ya ce haka ne. Ya zubar da sauran ruwan butar a gindin darbejiya, ya shige da ita.

Ban koma ba. Da farko ina aika gaisuwa da direbobi, daga baya ita ma ta tsaya. Ku lura da wannan, don ni na daɗe ban lura ba. Simintin laifinsa ɗaya, rashin zuwana laifinsa biyu. Tunda ba yaɓe, ba wanda ya ƙara ƙwanƙwasa bangon nan, ba wanda ya ƙara hawa rufin ba takalmi.

Sai shekarar ruwan nan, wadda iyayenku ba su manta ba, da gulbi ya cika ya shafe fadama, gidaje suka yi ta zubewa. Aka aiko mini daga Rara, wani zauren da na shafe ya faɗi. Na je. Zaurukan maƙwabta da aka bari da lakarsu sun zaizaye, sun yi muni, amma suna tsaye. Nawa kuwa simintin ya ɓallo falle guda kamar ɓawon ƙwai. Na sa hannu a abin da ke bayansa. Ba bango ba ne, kunu ne. Yana wari, gara ta yi hanyoyi a ciki, ƙusoshina sun yi tsatsa sun narke.

A nan tsugune na gane. Bangon laka yana shan ruwa, amma in rana ta fito yana fitar da shi ta jikinsa. Siminti kuwa yana tsagewa, tsaga siririya kamar gashi. Ruwa ya shiga ta nan, ya rasa ta inda zai fita. Daɓen ciki ma yana tura danshin ƙasa cikin bango. Shekara da shekaru bangon yana jiƙe a rufe, daga waje kuwa fari fat.

Ban koma gida ba. Daga Rara na nemi mota zuwa birni.

Na tarar da Bitrus yana share harabar, kansa ya yi fari. Ya daɗe yana dubana kafin ya jingine tsintsiya.

"Sabon jaki! Ashe kana duniya?"

Na ce mu gaisa daga baya. Na nufi bango na ƙwanƙwasa. Ƙwarya. Na matsa gaba. Ƙwarya. Na bi gefen yamma tun daga ƙofa har ƙarshe, sai ɗakin gaba kawai, mai gicciye, na ji sauran amo a jikinsa. Na shiga ciki na duba gindin bakan da ke tsakanin ɗakin tsakiya da na ƙarshe. Na soka wuƙa inda azara ta shiga bango. Ta shige har ƙota ba tare da na danna ba.

"Mi kag gani?" in ji Bitrus.

"Kada kowa ya sake shiga ginin ga."

"Jibi Lahadi."

"Ko Lahadi ta. Rufe shi."

Dattawan cocin suka taru kafin la'asar. Wani mai matsakaicin shekaru, wanda yake cikin matasan da suka so siminti a da, ya nuna ni da hannu.

"Ba kai ne ka ce har abada ba? Yanzu kuma mu tsaya a waje cikin ruwa da tsofaffi da jarirai, don ka buga bango ka ji ƙara?"

Na ce ni ne na faɗa, kuma ban faɗi daidai ba. Wasu suka ce ginin da bai ko tsage ta waje ba ba zai faɗi ba. Ana cikin gardama Bitrus ya tashi, ya shiga ya fito da littattafansu da tufar teburi, ya miƙa wa Saratu, ya ja ƙofa ya datse kwaɗo, ya sa mabuɗin a aljihu.

"Ya yi kuskure sau ɗaya, mun bi shi," ya ce. "Yau ya zo da ƙafarsa ba mu kira shi ba. Mai son shiga sai ya karɓa a aljihuna."

Lahadin nan a gindin darbejiya suka yi sujada, ana yayyafi, sun rufa da leda. Ina zaune can gefe a ƙarƙashin rumfar mai shayi ina jinsu. A fili waƙar ba ta da ƙarfi, iska ke kwashe ta.

Abin da ginin ke buƙata na san shi. A tokare bakan da gumagumai, a fasa simintin a hankali don bango ya sha iska, a zare ruɓaɓɓiyar azara ɗaya bayan ɗaya a sa sabuwa. Ba aikin mutum ɗaya ba ne. Na tokare abin da zan iya, na fara fasa simintin ɗakin gaba tunda shi ke da sauran rai, na rufa masa tampol. Sannan na dawo gida neman hannu.

Na fara da Sahabi, babban yarona na da, wanda a lokacin yake da injin bulo nasa da ma'aikata. Ya karɓe ni da girma, ya sa aka kawo mini fura. Na gaya masa ina son mutanen da suka san ɗaurin azara.

"Maigida, ɗaurin mi?"

"Bakan gizo. Kai ma ka sani."

Ya sunkuyar da kai. "Maigida, ba ka koya muna ba. Sa'adda niz zo wurinka ka riga ka bar laka. Kai kac ce muna aikin wahala na."

Na bi Wurno unguwa-unguwa, na je Lahodu, na je Rabah. Waɗanda suka iya sun mutu. Na sami tsoho ɗaya da ya yi aiki da Kawu, idonsa ya tafi, ya riƙe hannuna yana kwatanta mini ɗaurin a iska, ban fahimci rabinsa ba. Azara ma ta gagara. Giginyar da muke sara a da an cinye ta, wadda na samu a kasuwa mace ce, farce yana shiga cikinta. Na tambayi makuba, wata mata ta ce tun rasuwar kakarta ba ta ƙara jin sunan ba.

Na koma birni ni kaɗai da guntun azara da igiya. Washegari da rana, bayan an kwana ana ruwa, muna tsaye a harabar ni da Bitrus, sai muka ji ƙara daga ciki kamar ana karya kara. Tozon tsakiya ya nutse a hankali, ya ja na ƙarshe suka tafi tare. Ba wata babbar ƙara. Jiƙaƙƙiyar laka ba ta da ƙura ma. Ɗakin gaba ya girgiza, ya tsaya.

Ba kowa a ciki. Bencinan da ke ƙarƙashin bakan, inda mata da yara ke zama, sun koma itacen wuta.

Da ruwa ya ɗauke na shiga cikin ɓaraguzan. Rabin bakan ya faɗi a kwance, lakarsa ta zube, ƙashinsa ya fito. Na tsuguna na ga yadda Kaka ya jera azarar, yadda kowace ta hau kan 'yar'uwarta, da irin ƙullin da ya yi wa igiya, wanda ban taɓa gani a hannun kowa ba. Sama inda ruwa bai kai ba, igiyar tana nan da ƙarfinta, itacen yana ƙara kamar ƙarfe. Abin da Kawu ya ce zai nuna mini ke nan. Na gan shi a ranar da ba sauran inda zan yi amfani da shi. Bitrus ya zo ya tsaya a bayana, can ya sunkuya ya taya ni ɗaga wata azara.

Sun gina sabon coci a filin, na bulo da kwano. Yana da faɗi, yana da fanka, amma da bazara sai sun buɗe duk tagogi, in ruwa na dukan kwano kuma ba a jin mai wa'azi. Wasu sun so a rushe ɗakin gaban a ƙara fili. Bitrus ya hana. Na toshe bayansa da tubali, na kankare sauran simintin tas, har na kan gicciyen. A ƙarƙashinsa muka tarar da na lakar yana nan. Nan suke ajiye ganguna da kujeru yanzu, tsofaffinsu kuma sukan shiga su zauna in zafi ya yi yawa.

Tun daga nan ban sake fashin bazara ba. Na sami wata tsohuwa a wajen Rara da take tara mini ɓawon ɗorawa. In na sauka a unguwar baƙi sai in tarar da tabarma a gindin darbejiya, tana kallon gabas. Mu biyu muke aikin, ni a sama, Bitrus yana miƙo laka yana cewa jaki ya tsufa bai daina ci ba. Da ya rasu, Saratu ta ci gaba da shimfiɗa tabarmar. Ita ke hawa benci ta shafe gicciyen, jikokinta suna riƙe mata ƙafafun bencin.

Bara na jingina tsani, na cire takalmi, na taka matakin farko. Gwiwata ta ƙi. Na huta na sake gwadawa, ta ƙi. Samarin cocin suka ce za su hau, ɗaya ya hau da takalminsa, ya leƙa, ya ce komai lafiya. Ba laifinsa ba ne, bai san abin da ƙafa ke nema ba. Na yaɓe bango iya inda hannuna ya kai, na ƙwanƙwasa shi, amonsa da sauran kyau. Saratu ta kawo kunu a babbar ƙwaryar nan ta da, wadda muke sha mu da yawa. Na sha kaɗan na rufe.

Da zan tafi ta rako ni bakin hanya.

"Malam Umaru, baɗi ka zo da mai hawa."

Na ce to.

Wannan shi ne abin da na tsaya gaya muku ran kasuwa. Ba na ce ku bar bulo ba, shi ke ciyar da ku. Mutum ɗaya nake nema, mai ƙafa, wanda zai yarda ya cire takalmi ya hau, ni ina ƙasa ina gaya masa inda zai taka da abin da zai ji. Ina zama a ƙofar gidana a Wurno bayan azahar, kowa ya san gidan Umaru magini. Gajimare ya fara haɗuwa ta gabas. Bara, ina cikin mota za mu tashi, na waiwaya na ga indararon yamma. Ciyawa ta tsiro a bakinsa, kore shar, daga ƙasa ma ana ganinta.